Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

Ɗana, ajiye wayar nan ka matso kusa. Na ga hoton da ka ɗora a fuskarta: wani kufai na duwatsu a bisa tsauni, gajimare ya naɗa masa rawani, wata dabba mai dogon wuya tana tsaye a gefe kamar ita aka bar wa gadi. Macu Picu ke nan, a ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka. Na kuma ji kana gaya wa abokanka cewa ranar da Allah ya hore maka, da ƙafarka za ka taka tsohuwar hanyar Inka, kwana huɗu cikin duwatsun Andis, har ka isa wurin. Ban zo in sage maka gwiwa ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma wanda ya tsaya a kufan mutanen da suka shuɗe yakan dawo gida da hankalin da bai fita da shi ba. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ni na bi hanyar nan tun gemuna bai gama fari ba, kuma abin da na koyo a can da numfashina na biya kuɗinsa. Gara kai in ba ka kyauta.

Mu fara da jikinka, tunda shi zai ɗauke ka. Mu mutanen fili ne. Birnin Kano bai kai mita 500 sama da bakin teku ba. Jos da muke kuka da sanyinta tana wajen mita 1,200. Tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. To ka sani, Macu Picu tana kan mita 2,430, kuma gangarowa ake yi zuwa cikinta. Kusko, tsohon babban birnin daular Inka inda za ka sauka, yana wajen mita 3,400, jirgin sama kuma zai ɗauko ka daga Lima da ke bakin teku ya dire ka can cikin ƙasa da awa ɗaya da rabi. Jiki ba ya son irin wannan bazata. Mutanen can suna kiran ciwon da ke biyo baya soroce: kai ya riƙa sarawa, zuciya ta riƙa tashi, barci ya ƙaurace, abinci ya fita daga rai. Ba ya duba ƙarfi, ba ya jin kunyar ɗan ƙwallo. Ni da na isa, ina jin kaina garau, na haye matakalar masauki da sauri da jaka a kafaɗa, na kuma cika cikina da nama. Daren nan sai da na rantse wani ne ke daka sakwara a cikin kaina.

Saboda haka ka ware kwana biyu ko uku kafin ka ɗaure takalmi. In da hali ka gangara kwarin kogin Urubamba ka kwana a Olantaitambo, wanda ke wajen mita 2,800, jikinka ya saba a hankali. Ka yawaita shan ruwa, ka sassauta ci. Tun kana gida ka ga likita, ya ba ka shawara kan maganin da ake sha domin hawan tudu. Ga kuma wata magana da ta shafe mu fiye da yawancin masu zuwa can: ka san nau'in jininka, AA ne ko AS ko SS. Mai sikila ba ya wasa da wurin da iska ta yi ƙaranci, kuma ko mai AS yana iya samun matsalar saifa a irin wannan tsayi. Kada kunya ta sa ka ɓoye wa likita. In kuwa kana kan hanya ka ji numfashi yana gagarar ka alhali kana zaune, ko tari ya kama ka da kumfa, ko ka fara tangaɗi kamar mashayi, magana tana ruɗe maka, to babu wani magani da ya wuce gangarowa ƙasa nan take, ko da tsakar dare ne. Kuɗin da ka biya ba su kai ranka ba. Dutsen yana nan, ba inda za shi.

Na biyu, ja-gora. Tun shekarar 2001 gwamnatin Peru ta hana bin wannan hanya sai da ja-gora mai lasisi. Mutum 500 kacal ake bari su shiga a rana, kuma a cikinsu har da ja-gorori da masu dafa abinci da 'yan dako, ta yadda baƙi ba su wuce kamar 200 ba. Takardar izini tana ɗauke da lambar fasfonka, ba a sayar wa wani, kuma ta lokacin rani, daga Mayu zuwa Satumba, takan ƙare tun da sauran watanni. A watan Fabrairu rufe hanyar ake yi gaba ɗaya domin gyara da kuma tsananin ruwan sama. Na san halinka, za ka ce me zan yi da ja-gora ga taswira a waya. Taswira ba ta san wane gajimare ne ke ɗauke da ƙanƙara ba, ba ta kuma iya kallon leɓenka ta gane ya fara shuɗi. Ko Hiram Bingham, Ba'amurken da ake cewa shi ya gano Macu Picu ranar 24 ga Yuli, 1911, wani manomi ne mai suna Melchor Arteaga ya haye da shi, kuma da suka isa sun tarar da iyalai suna noma a gonakin kufan, har yaron gidan ne ya zaga da shi cikin gine-ginen. Sunan baƙo ya shiga littattafai, kayan tarihin da ya kwasa suka yi kusan shekara ɗari a Jami'ar Yale kafin a fara mayar da su a 2011. Amma hanya, 'yan gari ne suka nuna ta. Da ɗan gari akan ci gari, jiya da yau.

Yanzu ka ba ni kunnenka duka biyu, domin na zo kan abin da ya sa na kira ka. Hanyar tana da tsawon kilomita kamar 43, daga wurin da ake kira Kilomita 82 har zuwa Macu Picu. A mafi yawanta an hana dabbobin dako, domin kofato yana lalata matakalar da aka shimfiɗa shekaru fiye da 500. To wa zai ɗauki tantinka da tukunyar gas da buhun dankali da teburin da za ka ci abinci a kai? Mutane ne. Manoma ne 'yan ƙabilar Kecuwa daga ƙauyukan kan tudu, waɗanda ke barin gona su zo dako domin kuɗin makarantar 'ya'yansu.

Rana ta biyu ita ce mai raba yaro da babba. Za ka tashi daga wajen mita 3,000 ka hau har mita 4,215, zuwa wuyan dutsen da ake kira Warmiwanyuska, wato matacciyar mace, saboda surar tsaunin kamar mace ce a kwance. A can, duk numfashin da ka ja bai ba ka fiye da kamar kashi 60 cikin 100 na iskar da kake samu a bakin teku ba. A ranar girman kai ya hau ni. Akwai samari a ayarinmu, na ce ba za su ga bayan dattijo ba, na yi gaba da sauri. Ban kai rabi ba gwiwoyina suka zama ruwa. Na zauna a kan wani dutse, baki buɗe kamar kifin da aka jefo tudu, kaina a sunkuye, ba abin da nake gani sai ƙasa. Sai ga wasu ƙafafu sun tsaya a gabana. Takalmin taya ne a jikinsu, irin wanda ake yankawa a kasuwannin ƙauyenmu, duga-dugai duk faso, farcen babban yatsa ya yi baƙi. Na ɗaga kai. Mutum ne gajere, zai girme ni ko mu yi sa'a, ƙunshin da ke bayansa ya fi kansa tsawo. Ni da takalmin da kuɗinsa zai ciyar da gidansa wata guda, ga ni a zaune, shi yana tsaye. Ba ya jin harshena, ba na jin nasa. Ya taɓa ƙirjinsa, ya ja numfashi ɗaya, ya yi taku ɗaya ɗan gajere. Ya sake ja, ya sake taku. Ya nuna mini kada in miƙe sak a kan matakala, in riƙa karkacewa dama da hagu. Ya jira har na miƙe na gwada sau goma a gabansa, sannan ya gyaɗa kai ya wuce, cikin ɗan lokaci ya ɓace a hazo. Da wannan taku na tsohuwa na isa saman. Sannu ba ta hana zuwa, na sha faɗin haka a gida, amma a bakin mai takalmin taya na fahimce ta, kuma ko kalma bai furta ba.

Don haka tun kana zaɓen kamfanin da zai kai ka, ka yi tambayar da yawancin baƙi ba sa yi. Doka ta kayyade kayan ɗan dako namiji a kilo 20, akwai kuma sikeli a mashigar hanya. Ka tambaya: nawa kuke biyansu? Me suke ci, abin da muka ci ko abin da muka rage? Ina suke kwana idan ana ruwa? Kuna ba su rigar sanyi? In ka ga farashin wani ya faɗi ƙasa warwas, ka san araha ba ta ado; abin da aka rage maka daga gadon bayan wani aka yanko shi. Kada ka cika jaka da tarkace don kawai ba kai za ka ɗauka ba. A kan hanya in ka ji an yi kira cewa 'yan dako na tafe, ka raɓe ta gefen dutse ka ba su wuri. Ka gaishe su. Allillancu, haka suke cewa, ana amsawa da allillanmi, kamar dai kana lafiya, lafiya lau. Kalma biyu ce, amma za ka ga yadda fuska ke buɗewa.

In kuma ƙauyuka kake son gani sosai, akwai hanyar Lares, wadda ke ratsa garuruwan makiyaya da masaƙa a tsayin da ya kusa mita 4,000. Can za ka ga ɗakunan dutse masu jinkar ciyawa, lama da alfaka suna kiwo a gangare, ɓerayen Masar suna kai-kawo a gindin murhu, domin su abin yanka ne na ranar biki. Za ka ga mace tana tafe tana kaɗi da mazari kamar kakanninmu. Na zauna kusa da wata da ta ɗaure masaƙarta a ƙugu, ɗaya bakin a jikin turke, tana tsinto zare ɗaya-ɗaya da ɗan ƙashi, babu takarda babu zane a gabanta, duk adon yana cikin kanta. Jan launin kuwa daga wani ɗan ƙwaro ake samo shi, mai zama a jikin wani tsiro mai ƙaya. Ta murtsuke guda a tafin hannuna, sai ga ja kamar jini. Mayafi ɗaya yakan ci mata makonni. Ɗana, in ka zo saye, kada ka yi mata cinikin Kantin Kwari. Abin da za ka ƙwace da wayon bakinka bai kai kuɗin shayinka a filin jirgi ba, ita kuwa gishiri ne da man fitila. Kada ka ɗora wa mutum kyamara ba ka nemi izini ba. Ka tuna yadda ranka ke ɓaci in baƙo ya tsaya yana ɗaukar mahaifiyarka hoto a bakin rijiya. Kada kuma ka riƙa watsa wa yara alawa kana koya musu bara. In kana da abin bayarwa, ka bi ta hannun malamin makaranta ko shugabannin gari.

Za ka ga abubuwan da za su tuna maka gida. Suna da aini, wato yau a gonata gobe a gonarka, gayya ke nan ba ragi. Kuma abin da muke kira dankalin Turawa, wanda Filato ke cika mana kasuwa da shi, ba na Turawa ba ne. Kakannin waɗannan mutane ne suka fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce, kuma har yau suna da iri dubbai, ja da baƙi da shuɗi da rawaya. A watan Yuni da Yuli sukan shanya shi a fili, sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta narkar, su tattake ruwan da ƙafa, ya bushe ya zama cunyo mai shekaru bai lalace ba. Da irin wannan ajiya daular Inka ta cika rumbunanta ta ciyar da mayaƙa da masu fama da fari.

Sai maganar addininka, wanda ba a barinsa a filin jirgi. Yawancin mutanen Kiristoci ne 'yan Katolika, amma suna riƙe da al'adun kakanni: suna zuba wa ƙasa abin sha da sunan Pacamama, suna girmama manyan tsaunuka da suke kira apu, suna tara duwatsu a wuyan dutse. Wani ja-goran zai gayyaci ayari a yi irin wannan tare. Ka gaya masa tun farko, cikin ladabi, cewa kai za ka tsaya gefe. Ba sai ka yi ba, ba kuma sai ka yi dariya ko wa'azin da ba a tambaye ka ba. Cica da za a miƙo maka a ƙauye giyar masara ce, ka ce na gode. Cica morada kuwa, ta jar masara mai duhu, ba ta da maye. Ka sanar da kuku tun kafin a tashi cewa ba ka cin alade, zai wadata ka da kifi da ƙwai da miyar hatsin kinwa da dankali. Kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru. Alƙibla daga can tana gabas, da ɗan karkata zuwa arewa. Ruwan alwala da asuba zai sa ka tuna duk zunubanka, amma sallar da ka yi a saman gajimare ba za ka manta da ita ba. Ganyen koka kuma, a wurinsu kamar goro ne a wurinmu, doka ta yarda da shi, suna taunawa suna shayinsa. Ko ka taɓa ko ka bari, wannan tsakaninka da malaminka. Abin da na hore ka shi ne kada ko ganye ɗaya ya kwana a jakarka ranar dawowa, domin a filin jirginmu ba mai sauraron dogon bayani.

To, ga kufan kansu. Za ka wuce Runkurakai da Sayakmarka da Puyupatamarka, garin da ke saman gajimare. Ka tsaya ka duba aikin da kyau. Mutanen nan ba su da ƙarfe irin namu, ba su yi amfani da ƙafar keke ba, ba su da doki. Amma a manyan gine-ginensu sun sassaƙa dutse ya zauna a kan dutse babu laka babu siminti, ko reza ba ta shiga tsakani. Girgizar ƙasa ta 1650 da ta 1950 sun ragargaza gine-ginen Sifaniyawa a Kusko, amma bangon Inka na Korikanca da aka ɗora coci a kansa yana nan tsaye. Sun shimfiɗa hanyoyi na kilomita kamar 30,000 da suka ratsa ƙasashe shida na yau, da zango-zango da rumbuna, da 'yan gudu da ake kira caski masu miƙa wa juna saƙo, da igiyoyi masu ƙulli da suke ajiye lissafi a jiki. A zamanin sarki Pacakuti, wajen 1450, aka gina Macu Picu. Ba a cika shekara ɗari ba daular ta faɗi. Cutar agana ta riga mayaƙan Sifen isowa, 'yan'uwa biyu, Waskar da Atawalpa, suka yi yaƙin gadon sarauta, sannan a watan Nuwamba na 1532 Pizaro, jagoran mayaƙan Sifen, da mutum 168 suka kama Atawalpa a Kahamarka. Ya cika musu ɗaki da zinariya, duk da haka suka kashe shi a 1533. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka riƙe wannan, kai da kake da 'yan'uwa da gadon da za ku raba wata rana.

Kada ka rubuta sunanka a bango, kada ka ɗauko ko tsakuwa, ka sa wa sandarka roba a baki, ka dawo da sharar da ka shiga da ita. Waɗannan duk ja-gora zai gaya maka. Abin da ba lallai ya gaya maka ba shi ne wannan: sarki ya ba da umarni, amma talakawa ne suka jawo duwatsun, bisa aikin karɓa-karɓa da ake kira mita, wanda daga baya Sifaniyawa suka mayar da shi aikin tilas a ramukan azurfa na Potosi. Mutanen da suka gina abin da ka tsallaka teku domin ka gani ba su ƙare ba. Jikokinsu ne ke kafa maka tanti. Har yau ƙauyuka huɗu suna taruwa duk watan Yuni su sake saƙa gadar ciyawa ta Keswacaka a kan kogin Apurimak, yadda aka yi tun zamanin Inka. Na ga baƙi suna shafa bango suna kusan hawaye, sannan su juya su daka wa ɗan dako tsawa don shayi ya huce. Wanda ya girmama gini ya wulaƙanta jikan magini, bai ga komai ba, ƙafa kawai ya wahalar.

Daren ƙarshe za ku kwana kusa da Winyai Waina. A nan ake haɗa tukuici. Ka bayar da hannu biyu, ka tabbata ya shiga hannun masu shi, ka kalli kowa a ido. Wajen ƙarfe uku da rabi na dare za a tashe ku. Za ka yi tsammani don ku riski fitowar rana ne, alhali babban dalili shi ne 'yan dako su naɗe tantuna su gangara cikin duhu su tari jirgin ƙasan asuba da zai mayar da su gida. Ku za ku nufi Inti Punku, Ƙofar Rana, inda Macu Picu za ta bayyana a ƙasanku. Su ba ta nan za su bi ba. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna kai baƙi bakin ƙofar, ba su taɓa shiga garin kakanninsu ba. Ni da na tsaya a ƙofar nan, kowa na ɗaga waya, sai na waiwaya ina neman mai takalmin taya in ce masa ga shi na iso. Ya riga ya tafi. Ban tambayi sunansa ba, kuma yau shekaru ke nan abin yana ci mini rai.

Ka je, ɗana, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. In ka dawo ba zan tambaye ka hoto ba, ga shi nan a wayarka tun ba ka je ba. Sunan wanda ya ɗauki tantinka zan tambaye ka, da sunan ƙauyensu, da 'ya'yansa nawa. In ka amsa, na san ka je.